DAGA BARIKI ZUWA TASHA: TSOFAFFIN MOTOCIN SOJA DA MUTANEN DA SUKA RAYA SU



A Ingila da Amurka akwai mutanen da babu abin da ke ba su sha'awa a duniya kamar tsohuwar motar soja. Mutum zai sayi gwanjon babbar motar da ta yi Yaƙin Duniya na Biyu, ya ja ta zuwa bayan gidansa, ya yi shekaru yana kwancewa yana ɗaurawa, noti bayan noti. Ba ya haya da ita, ba ya ɗaukar kayan kowa. Burinsa kawai ta koma yadda ta fito daga masana'anta a 1944, da fentinta da lambobinta da tamfal ɗinta. Har ƙungiyoyi gare su; babbar ta Amurka an kafa ta tun 1976. Duk watan Yuni kuma sukan yi jerin gwano a yankin Nomandi na Faransa don tunawa da saukar sojojin ƙawance a can.

Irin waɗannan motoci sun zo ƙasarmu, an kuma yi musu gyaran da ya fi wancan wuya. Sai dai Bature yana gyara motar ne don ta tsaya yadda take, makanikenmu kuwa ya gyara ta don ta ci gaba da tafiya ta ciyar da gida. Shi ya sa su yau suna da motar suna da labarinta a rubuce, mu kuwa mun ci moriyar motar har ta ƙare, labarinta yana cikin kawunan tsofaffin da ke ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Wannan labari nake so mu waiwaya, daga inda muke, wato Birnin Kudu da Gwaram.

ƘASAR DA DOGO YA TSALLAKE

Kafin a gane darajar babbar mota a kudancin Jigawa, sai an dubi taswirar jirgin ƙasa. Dogo ya iso Kano a 1911, kuma cikin shekara guda cinikin gyaɗa ya buɗe. A 1930 aka kai reshensa Nguru, ya bi ta Ringim da Gagarawa da Malam Madori, wato ta arewa da mu. Wanda aka ja zuwa Maiduguri, aka kammala a 1964, ya bi ta Bauchi da Gombe, ta kudu da mu. Birnin Kudu da Gwaram suka zauna a tsakiya, babu tasha ko ɗaya.

Saboda haka duk buhun gyaɗa da fata da hatsin da zai fita daga wannan yanki, sai dai jaki da takarkari da raƙumi da kan ɗan Adam, har zuwa lokacin da mota ta samu hanya. Hanyar ma ta tsakuwa ce da jar ƙasa. Da rani ƙura da gargada, da damina taɓo da rafuka. A zamanin Turawa akan tare irin waɗannan hanyoyi bayan an yi ruwa, a hana manyan motoci wucewa har sai ƙasa ta sha iska, don kada su farfasa ta. Motar da za ta rayu a nan dole ta zama mai tsayin ƙafa, mai ƙarfin sifirin, mai injin da za a iya kwancewa a gindin bishiya. Wannan kuwa shi ne siffar motar da aka ƙera don yaƙi.

MAKARANTAR YAƘIN HITILA

Yaƙin 1939 zuwa 1945, wanda kakanninmu ke kira Yaƙin Hitila, ya ɗebi 'yan Najeriya fiye da 100,000, kuma kaso mai yawa daga Arewa suke. Hausa ce ma ta daɗe tana harshen bariki a rundunar Turawa ta Afirka ta Yamma. Yaƙin ya zo da buƙatar da ba a saba da ita ba: direbobi da makanikai da masu wayar sadarwa, dubbai. Yaron da bai taɓa shiga mota ba aka zaunar da shi a bayan sitiyari.

Sun kuwa nuna bajinta. A ranar 25 ga Fabrairun 1941 birged ta 23 ta sojojin Najeriya ta shiga Mogadishu a Somaliya. Daga nan ta bi sojojin Italiya a cikin motoci zuwa Jijiga a Habasha, tafiyar kusan kilomita 1,200 cikin kwana 17. Masana tarihin yaƙi suna lissafa wannan cikin tafiye-tafiyen da suka fi sauri a yaƙin gaba ɗaya. Tafiya irin wannan ba ta yiwuwa sai da mutanen da ke kwana a ƙarƙashin mota suna ɗaure abin da ya kwance.

A Bama labarin ya sha bamban. Runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma sun yi yaƙi a dazuzzukan da mota ba ta iya ratsawa, har aka ware dubban mutanenmu aikinsu ɗaukar kaya a ka, abinci kuma jirgin sama ke jefo shi. A kwarin Kaladan da hannu suka sare daji suka yi wa ƙananan motocin jif hanya. Wato soja ɗaya ya dawo da lasin tuƙi, wani ya dawo da kanta a tsakar ka. Duk wanda zai rubuta labarin tsohon sojan Bama ya kiyaye wannan, kada ya mayar da su duka direbobi.

Babban abin da bariki ya koya wa direba shi ne horo. Sojan Ingila ya raba duba mota zuwa ayyuka, kowace rana da nata: yau baƙin mai da ruwan lagireto, gobe giris a gaɓoɓi, jibi birki, gata notunan sifirin. In aka zagayo sai a sake daga farko. Tsohon direban da za ka gani da asuba yana zagaya motarsa yana bubbuga taya, yana jan sandar baƙin mai kafin ya tayar da inji, ɗabi'a ce mai dogon asali.

GWANJON BAYAN YAƘI

Yawan motocin da aka ƙera a yaƙin ya wuce misali. Amurka ta ƙera samfurin GMC mai taya shida fiye da 500,000. Kanada ta fitar da motocin soja kusan 800,000, yawancinsu Ford da Chevrolet. Kamfanin Bedford na garin Luton a Ingila ya ƙera samfurin QL, mai ɗaukar tan uku, mai ja da ƙafa huɗu, kimanin 52,000. Da aka daina harbi sai gwamnatoci suka rasa inda za su kai su, aka shiga gwanjo. A Faransa 'yan kwana-kwana suka yi shekaru suna amfani da GMC. A ƙasar Filifin jif ɗin da Amurkawa suka bari aka ƙara wa tsawo, aka yi wa ado, ta zama motar haya da har yau ake tinƙaho da ita.

Afirka ta Yamma ma ta samu rabonta, kuma ya zo a kan gaɓa. Sojoji sun dawo a 1946, dawowar da Malam Sa'adu Zungur ya yi wa waƙar Maraba da Soja. Wasu sun dawo da ɗan kuɗin sallama da sana'ar tuƙi. Turai na fama da ƙarancin mai na girki, gyaɗa ta yi daraja, jirgin ƙasa ya kasa kwashe ta, har buhuna suka taru suka zama dalar gyaɗa a Kano. Ga kaya, ga direba, ga mota mai araha. Attajirai suka zuba jari a sufuri. A 1948 Alhaji Mahmud Ɗantata da Alhaji Haruna Kassim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash suka kafa ƙungiyar jigilar alhazai ta Afirka ta Yamma, wadda taƙaitaccen sunanta, WAPA, ya zama sunan unguwar canjin kuɗi a Fagge. A mota ake ɗibar maniyyata daga Kano, a bi ta Maiduguri da Fort Lamy, wato Njamena ta yau, a ratsa Sudan har bakin Bahar Maliya. Tsohuwar hanyar gabas da ta fito daga Kano ta Wudil ta ratsa Birnin Kudu ta nufi Kari da Potiskum tana cikin hanyoyin da suka ɗauki wannan zirga-zirga.

To amma motar soja ba ta zama motar kasuwa haka kawai. An ƙera ta ne don gwamnatin da ba ta lissafin fetur, kuma ba a sa ran za ta yi shekara ashirin tana aiki. Nan aikin mutanenmu ya fara. Kafinta ya cire bodin ƙarfe ya kafa na katako, mai tsayi, da benci na fasinja da wurin kaya. Maƙeri ya ƙara ganyen sifirin don motar tan uku ta ɗauki abin da ya fi haka. Aka yi wa shasi ɗori da faranti a inda yake tsagewa. Da injin fetur ya gaji ko shansa ya gagara, aka sauke shi aka ɗora na gas, aka ƙera sababbin ƙafafun da zai zauna a kai. Mai fenti ya zo ya rufe launin bariki da shuɗi da ja da rawaya, ya rubuta wa motar take a goshi. Bayan shekara goma, in wanda ya ƙera ta a Luton ya gan ta, sai ya yi da gaske kafin ya shaida ta.

ZANGO NA BIYU

Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya maimaita abin da Yaƙin Hitila ya yi, a kan ma'auni mafi girma. Sojan Najeriya ya tashi daga kimanin 10,000 zuwa kusan 250,000. An sake koya wa dubban samari tuƙi da gyara, kuma da aka fara rage rundunar, da yawansu tasha da gareji suka nufa.

Shekarun da suka biyo baya sun zo da sauye-sauyen da suka shafi kowace tsohuwar mota. Ranar 2 ga Afrilun 1972 Najeriya ta yi canjin hannu, aka koma tuƙi ta dama, motocin Ingila masu sitiyari a dama suka zama baƙi a kan hanyar da suka saba. A 1977 gwamnatin soja ta yi dokar da ta hana farar hula amfani da mota mai fentin kore irin na soja. Ku lura da wannan da kyau: abin da Bature ke kashe dukiya don ya yi, wato mayar da motar launinta na bariki ya hau titi da ita, a nan laifi ne a gaban doka. Ko da wani a cikinmu ya so wannan sha'awa, dole ya fara da sauya fenti.

A wannan zamani na arzikin man fetur gwamnati ta shiga haɗin gwiwa da kamfanonin waje don a riƙa haɗa motoci a gida. Peugeot a Kaduna, Volkswagen a Legas, Leyland a Ibadan, Mercedes-Benz a Inugu, Fiat a Kano, sai Steyr ta ƙasar Ostiriya a Bauchi, wadda ta haɗa manyan motoci da taraktoci, sojan Najeriya kuma na cikin masu sayen motocinta. Biyu daga cikin shidan, Kano da Bauchi, mu ne a tsakaninsu.

Motar da ta gaji Bedford a kan hanyoyinmu ita ce Marsandi mai gajeren hanci, wadda aka fi sani da 911. Kamfanin Mercedes-Benz ya fara wannan samfuri a 1959 ya ci gaba da shi har cikin shekarun 1990. A Jamus sojoji da 'yan kwana-kwana da jami'an agajin gaggawa sun yi amfani da mai ja da ƙafa huɗu, kuma in sun gama da su gwanjo ake yi, da yawa su gangaro Afirka. Haka tsofaffin MAN da DAF na rundunonin Turai, waɗanda masu ɗibar yashi da itace ke so saboda ba sa tsoron rafi.

Daga 1986, da tsarin tsuke bakin aljihu ya karya darajar naira, sabuwar mota ta gagari yawancin masu sufuri, masana'antun haɗa motoci suka durƙushe. A shekarar ce ma Bedford ta sanar da daina ƙera manyan motoci. Tun daga nan rayuwar gingimari ta koma hannun mutum uku: mai sayar da kayan gwanjo a Ƙofar Ruwa ta Kano, maƙerin Panteka a Kaduna, da makaniken bakin hanya.

ILIMIN DA BA YA CIKIN LITTAFI

Mu da muka zauna a ajin kwalejin fasaha mun san yadda ake zana fistin a takarda, mun san lissafinsa. Makaniken gingimari ya san wani abu daban. Yana kara sifana a jikin inji ya sa kunne, ya gaya maka ko metal ne ke ƙara ko fil. Yana duban hayaƙi: baƙi na nufin gas ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan, shuɗi na nufin baƙin mai na ƙonewa, fari mai kauri kuma sau da yawa ruwa ne ya shiga inda bai kamata ba. Ya san in iska ta shiga layin gas yadda ake sassauta noti a yi ta famfo har kumfa ya ƙare. Ya san kayan wace mota ke shiga wace, da wanda sai an kai wa mai injin sassaƙa ya rage. Wannan ilimi daga oga yake zuwa yaro, shekara biyar, shekara bakwai, daga wankin noti a cikin gas har ranar da za a yaye shi.

Kada kuma mu mai da shi tatsuniya. Ƙarin sifirin yana ƙara kaya, amma ba ya ƙara birki. Motar da aka ƙera don tan uku aka ɗora mata ninki, ranar da ta tsinke a gangara yaron mota da wejinsa ba su isa su tare ta ba. Rayuka da yawa sun salwanta a haka. Marubucin kirki zai faɗi fasahar ya faɗi asarar.

Wasu ƙasashe sun riga mu adana irin wannan tarihi. A Sudan maƙera sun ɗauki Bedford samfurin TJ, ƙanwar waɗancan na yaƙi, suka sake mata gini har ta zama motar hamada mai ɗaukar ninkin kayanta, suna kiranta Sifinja. Wani masani Bajamushe, Kurt Beck, ya zauna da su ya rubuta yadda suke aikin, a 2009 kuma Valerie Hänsch ta yi fim a kansu. Maƙeranmu ba su gaza na Sudan ba, sai dai ba su samu wanda ya zauna da su da alƙalami ba.

A adabinmu akwai alamun wannan duniya. Ɗanmaraya Jos ya yi wa karen mota waƙa, Mamman Shata ya wasa direbobi. Biyi Bandele, haifaffen Kafanchan, ya fitar da littafin Burma Boy a 2007, tauraronsa Ali Banana yaron maƙeri ne Bahaushe da ya tafi Bama. Amma ku duba littattafanmu na yau: mota ba ta fitowa sai in saurayi zai burge budurwa ko marubuci na neman hanyar kashe wani da haɗari. Wanda ke ƙarƙashin motar ba shi da suna.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Lokaci ba ya jiranmu ta fuska biyu. Gawar tsohuwar mota da a da za ta shekara ashirin a bayan tasha ana cirar kayanta, yau 'yan jari-bola na yanka ta da wuta a auna a kilo a tafi da ita narkarwa. Mutanen kuma, wanda ya shiga soja yana ɗan shekara 18 a 1943 yau ya haura ɗari in yana raye. Waɗanda suka rage su ne yaransu na gareji da sojojin basasa, su ma duk sun haura saba'in. Takardun Turawa da ke gidan adana tarihi na Kaduna za su ba ka lissafin gyaɗa da haraji da hanyoyi. Yadda aka fito da mota daga rafi da tsakar dare da igiya da mutanen ƙauye, wannan sai a bakin wanda ya ja igiyar.

Ga shawarata ga duk mai son gwadawa. Je tashar Birnin Kudu ko ta Gwaram, ko mararrabar Babaldu, ko kasuwar Sara, ka nemi shugabannin ƙungiyar direbobi su nuna maka dattijon da ya fi kowa daɗewa. Kada ka je ranar kasuwa, ba shi da lokacinka. Ka tafi da goronka, ka gaishe shi da Baba, ka nemi izini kafin ka kunna rikoda, ka kuma tambaye shi ko ya yarda a ambaci sunansa. Kada ka ce ya ba ka tarihi, zai ce ba shi da shi. Tambaye shi motar da ya fara bi, wa ke da ita, wa ya koya wa ogansa, me aka rubuta a goshinta, ina ta fi lalacewa, nawa ne kuɗin mota zuwa Kano. In ya ambaci sunan wani ƙarfe da ba ka sani ba, ka ce ya nuna maka, ka rubuta kalmar yadda ya furta ta. Kalmomi irin su gareji da giya da kuloci da lagireto da salansa duk ta wannan ƙofa suka shigo Hausa, kuma akwai 'yan uwansu da ba su kai ga ƙamus ba.

Dattijo ba zai ba ka shekara da lamba ba, don haka ka riƙe turakun da za ka ɗaure labarinsa: kafin canjin hannu na 1972 ne ko bayansa? Da fam aka biya ko da naira, wadda ta fito a Janairun 1973? Kafin farin 1973 ne? Muna jihar Kano ne ko an riga an ba mu Jigawa a 1991? Abin da mutum ɗaya ya faɗa ka kai wa na biyu ka ji ko sun dace. In sun saɓa, ka rubuta duka biyun.

Da tsohuwar zuma ake magani. Wanda ya yi hira guda ɗaya tak ya rubuta shafi biyu, ya kawo mana nan mu karanta mu gyara tare. In mutum goma a cikinmu suka yi haka daga garuruwa goma, kafin damina ta zagayo muna da littafi.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya tsare na kan hanya. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.